Wutar boila tana kamawa, ina sakin maɓalli sai ta mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da iyalina muna zaune a gidan haya a Landan, kuma boilar gas da ke ɗumama mana ɗakuna da ruwa ta haura shekara 20. Tun shigowar sanyi ƙaramar wutar cikinta take mutuwa. Idan na danne maɓallin na ƙyasta sai ta kama, ina ɗaga yatsa ta mutu. Wani abokina ya ce in tokare maɓallin da tsinke. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ka tokare maɓallin nan, domin abin da kake gani a matsayin lalacewa shi ne ke tsare ranka da na iyalinka.

A tsofaffin boiloli akwai ƙaramar wuta da ke ci dare da rana, wadda ita ce ke kunna babbar wutar idan an buƙaci zafi. A gefenta akwai wata siririyar sanda da bakinta ke cikin harshen wutar, masu gyara suna kiranta tamokoful. Idan ta yi zafi takan samar da ɗan lantarki da bai wuce milibolt 30 ba, wanda ke riƙe maganaɗisun da ke buɗe ƙofar gas. Lokacin da ka danne maɓalli yatsanka ne ke riƙe ƙofar, da ka saki kuwa sai aikin ya koma kan sandar, idan ta gaza ƙofar ta rufe don kada gas ya cika gida.

Alamar da ka kawo ta fi nuna cewa bakin sandar ya cinye saboda tsufa, ko kuma datti ya toshe ƙaramin ramin da gas ke fitowa har wutar ta ƙanƙance ba ta lasar sandar. Wani lokaci notin da ya haɗa ta da ƙofar gas ne ya saki.

Abin da ke hannunka kaɗan ne. Ka kunna murhun girki ka tabbatar gas yana zuwa, idan kuma mitarku ta kati ce ka duba ko kuɗi ya ƙare. Sannan ka bi umarnin da ke jikin boilar, ka riƙe maɓallin na daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan wutar ta kama, domin mutane da yawa gaggawar saki suke yi. Idan ta mutu, ka jira aƙalla minti 3 kafin ka sake, kuma kada ka yi ta nanatawa.

Ka leƙa ta ƙaramar tagar gilashin ka dubi launin wutar. Lafiyayya shuɗiya ce, tsayayya. Idan ka gan ta rawaya tana rangaji, ko ka ga baƙin kunkunniya a jikin boilar, gas ba ya ƙonewa sosai ke nan, kuma hakan na haifar da gubar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri da ke sauƙi idan an fita waje suna cikin alamunta. Nan take ka kashe boilar. Idan kuwa warin gas ka ji, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka buɗe tagogi, ka rufe gas daga mita, ku fita, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Kwance murfin boila ba aikinka ba ne. A Birtaniya tun 2009 mai rajista da Gas Safe Register, wato rajistar hukuma ta masu gyaran gas, shi kaɗai doka ta yarda ya yi wannan aiki, don haka ka nemi ganin katinsa kafin ya taɓa komai. Tunda haya kake yi, gyaran yana wuyan mai gida, kuma wajibi ne ya sa a duba kayan gas kowace shekara ya ba ka takardar shaida. Ka sanar da shi yau a rubuce, ka ambaci sunan boilar da samfurinta da yadda wutar ke mutuwa, don mai gyara ya taho da sandar da ta dace, saboda kayan tsofaffin boiloli ba a kowane shago ake samunsu ba.