Amsar tambayarki a kan aswaki da gawayi

Kishiyata, na ga saƙonki. Kin ce tunda mu mun tashi ba buroshi ba makilin, kuma har yanzu ina tauna ƙashin kaza, ko ke ma ki watsar da su ki koma aswaki da garin gawayi, kamar yadda 'yan mata ke yi a TikTok. To, kafin ki yabe ni, zo ki ƙirga. Cikin haƙora 32 da Allah ya ba baligi, turame uku sun bar ni, sauran kuma goro da fure sun rine su. A zamaninmu jan haƙori ado ne, budurwa ta goga furen taba ta bi da goro, ta yi murmushi a dandali. Wannan kada ki gada.

Aswaki kam ban yarda ki bari ba. Hadisin Abu Huraira yana cikin Buhari da Muslim: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da aswaki a kowace salla. Mu da darbejiya muka fi yi, mai ɗacin nan, wani lokaci marke. Na Makka kuwa sai alhazai sun dawo, a raba shi kamar zinariya. A sami reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, a feƙe ɓawon bakin, a tauna har ya yi laushi kamar gashi. Sai a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, daga dasashi zuwa baki, a hankali, ba dirzar tukunya ba. Washegari a yanke bakin jiya a tauna sabo. Masu maƙala shi a gefen baki suna yawo kasuwa, ado suke yi. Da azumi ma malamanmu na Malikiyya sun halatta busasshe duk yini, ɗanye ne suka karhanta.

Amma ki san abin da ya tsare mana baki ba itacen kaɗai ba ne. Sukari ne babu. Alewa sai ranar kasuwa, lemon kwalba sai biki. Ke kuwa shayi da safe, shayi da dare, minti a jaka. Ba tsutsa ke cin haƙori ba, yadda aka gaya mana muna yara. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale a jikinsa suke cin zaƙin, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar farin saman har rami ya buɗe. Makilin mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa farin nan, shi ya sa nake cewa ki haɗa biyun. Buroshi mai laushi sau 2, da safe da kuma kafin barci, kamar minti 2. Ki tofar da kumfar, kada ki bi da kurkura. Aswaki kuma wajen alwala. Shi miƙaƙƙe ne, ba ya juyawa bayan turamen can ciki, kuma can nawa suka fara lalacewa.

Gawayi kuwa a'a. Mun yi, da gishiri har da toka, don ba mu da wani abu. Kankarewa yake yi, kuma farin haƙori in ya tafi ba ya tsirowa.

In kin ga jini wajen gogewa, kada ki tsorata ki daina. Yawanci dattin da ya taru a gindin haƙori ne ya kumbura dasashi, masu juna biyu sun fi fama da shi. Ki ci gaba a hankali, in ya wuce sati biyu ki ga likitan haƙori. Kanumfari yana kwantar da zogi, amma ba ya cike rami. Da shi na yi ta lallaɓa nawa har aka cire.

Yaron nan naki da ya fara fidda haƙori, makilin ɗinsa kada ya wuce ƙwayar shinkafa, kuma ki daina kwantar da shi da fida mai zaƙi a baki. Ki gaishe min da mijin namu, ki ce ina nan ina jiran kuɗin goro, ko da yake ɗaya nake ci yanzu a yini.