Ruwa ya wadata amma masara ba ta yi ba

Malam, ka tambaya me ya sa masararka ta gaza bana alhali an sha ruwa sosai a daminar, har ka kasa mayar da kuɗin taki. Amsar ita ce, lokacin da ruwan ya sauka ya fi yawansa muhimmanci. Masara na buƙatar ruwa kimanin milimita 500 zuwa 800 a damina, amma akwai makonni biyu zuwa uku, wato lokacin da take fitar da fure da gemu, da ba ta jure ƙishi ko kaɗan. Idan aka ɗauke ruwa a daidai nan, ko zafi ya haura digiri 35, ƙurar furen kan mutu, gemun ya makara fitowa, sai ka ɓare goyo ka tarar da giɓi. Ruwan da zai biyo baya, komai yawansa, ba ya cike wannan giɓin.

Ta fuskar riba kuwa, abin da na gani shi ne asarar ta fi ciwo saboda kafin lokacin an riga an zuba kuɗin iri, taki da noma. Tashin farashi ma ba ya ceton wanda buhunansa suka ragu da rabi. Shi ya sa nake raba shukata kashi biyu da tazarar kwanaki, in haɗa da iri mai saurin nuna. Idan fari a tsakiyar damina ya zama jiki a wajenku, ka ba wa dawa wani kaso na gonar, don ita takan dakata da girma ta jira ruwa.