Ƙarin allon jibsam a silin: me yake tarewa, me yake bari ya wuce?

Tambaya: A ƙasan bene nake zaune, hirar na sama da takun sawunsu duk a kunnena suke ƙarewa. Kafinta ya ce a ƙara allon jibsam a kan silin ɗin da ke akwai. Zai yi magani?

Amsa: Malam, zai rage hira da sautin talabijin, amma takun sawu kusan yadda yake zai zauna. Ƙara iri biyu ce. Wadda ke bin iska nauyi ne ke tare ta, shi ya sa ƙarin allo ke taimakawa. Ta taku kuwa jikin katako take bi, duk allon da aka ɗaure kai tsaye a katakon zai girgiza tare da shi.

Maganin shi ne a raba allo da katako. Idan da hali, a sauke tsohon silin, a cusa audugar dutse (auduga ce da ake sarrafawa daga dutse don tare ƙara da zafi) mai kaurin milimita 100 a tsakanin katakan, ba tare da an danne ta ba. Sai a gitta siraran ƙarafa masu ɗan lanƙwasa da ake yi don wannan aiki, tazarar milimita 400, a ɗaura allo biyu a jikinsu, kowanne milimita 12.5 ko 15. Kada mahaɗar allon farko ta faɗo daidai da ta na biyu.

A nan ne aiki ke yawan lalacewa, don haka ka tsaya a kan kafintan. Sukurun da ya yi tsawo har ya ratsa ƙarfen ya kama katako ya sake haɗa abin da aka raba, ƙara ta samu hanya ke nan. Haka ma allon da ya matse da bango. A bar tsagi na milimita 3 zuwa 5 a kewaye, a cike shi da gam mai laushi wanda ba ya ƙandarewa. Fitilun da ake huda silin a nutsa su ciki, ka haƙura da su, domin duk inda iska ta bi, ƙara ma za ta bi. In kuma na saman za su yarda su shimfiɗa roba a ƙarƙashin kafet, wannan ya fi sauƙi wajen kashe taku.

Tambaya: Ɗakina ƙarƙashin kwano yake, zafi ya dame mu. Allo biyu zai wadatar?

Amsa: A'a, Hajiya. Jibsam na wuce da zafi kusan ninki biyar na audugar dutse ko ta gilashi, ga shi siriri. Kuɗinki ya tafi kan auduga mai kaurin milimita 100 ko fiye a saman silin, a bar sarari tsakaninta da kwano don iska ta ratsa. Kumfar roba ma tana tare zafi, sai dai ba ta da nauyin tare ƙara. Kafin komai a toshe yoyo, domin allon da ya jiƙa yana saki, jiƙaƙƙiyar auduga kuma ba ta aiki.

Tambaya: Katakon zai ɗauki nauyin?

Amsa: A duba kafin a saya. Allon milimita 12.5 yana kai kilo 8 zuwa 9 a kowace murabba'in mita, na tare ƙara ya fi haka. A ɗakin mita 4 sau 4, allo biyu sun haura kilo 250. Katakon da gara ta ci ko ya riga ya lotsa, a canza shi tukuna, sannan a ɗaura sukuru duk bayan milimita 230, kansa ya ɗan nutse ba tare da ya yaga takardar allon ba.