Tambaya da Amsa: Likita Ya Ce a Cire Cikin, Surukata Ta Ce Kisan Kai Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana huɗu, kuma tun bayan haihuwata ta ƙarshe na kamu da ciwon zuciya irin wanda ke kama masu jego, har yanzu ina shan magani. Na sake samun ciki na wata biyu, likitan zuciya kuma ya ce zuciyata ba ta koma daidai ba, idan na bar shi ina iya rasa raina. Maigidana ya amince a cire, amma surukata ta ce kisan kai ne da rashin tawakkali. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Maganar Hajiya surukarki tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar Hausa ita ce mafi tsanani a wannan mas'ala, domin abin da aka dogara da shi a cikinta, kamar yadda Imam Dardir ya bayyana, shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai cika kwana 40 ba, ko da yake Lakhmi, wanda shi ma Bamalike ne, ya halatta kafin cikar kwana 40. Wasu malaman Hanafiyya sun sassauta har zuwa kwana 120 idan akwai uzuri. Iyakar kwana 120 ta samo asali ne daga hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ambaci matakai uku na kwana arba'in-arba'in kafin a aiko mala'ika ya busa rai. Bayan busa rai kuwa babu saɓani cewa zubarwa haramun ce. Wanda ya zubar don gudun ɗawainiya kuma, aya ta 31 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana kashe 'ya'ya saboda tsoron talauci, ta ishe shi gargaɗi.

Sai dai duk wannan hukunci ne na halin da babu larura, ke kuwa halinki daban ne. Ƙa'idar malamai ita ce idan cuta biyu suka haɗu, babu kuma yadda za a kauce musu duka, to a tunkuɗe babbar da ƙaramar. Rayuwar uwa tabbatacciya ce, ga miji da yara huɗu da ke da haƙƙi a kanta, cikin wata biyu kuwa ba ya rayuwa idan uwar ta mutu. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta yanke a Makka a shekarar 1990 cewa ko ciki ya wuce kwana 120, ya halatta a cire shi idan amintattun likitoci masana fannin suka tabbatar da cewa barinsa haɗari ne tabbatacce ga ran uwa. Idan an yi wannan rangwame bayan busa rai, to ga cikin da bai kai wannan mataki ba ya fi sauƙi. A ganina kiran wannan rashin tawakkali kuskure ne, domin neman magani da tsare rai suna cikin abin da shari'a ta yi umarni da shi.

Abin da zan tsananta a kansa shi ne tabbatarwa. Malaman sun ambaci likitoci ne, ba likita ɗaya ba, saboda haka ki nemi wani likitan zuciya da likitan mata su sake duba ki, kuma asibitin koyarwa na Shika bai yi miki nisa ba. Kada a ja lokaci, domin kowane mako yana ƙara wa zuciyarki nauyi, yana kuma ƙara nauyin hukuncin. Ki sani kuma likitoci suna fara lissafi ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kusan mako biyu kafin shigar cikin, don haka ki tambaye su ainihin kwanakinsa.

Dokar ƙasa ma ba ta hana ki ba. Sashe na 232 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, amma ya keɓe wanda aka yi da kyakkyawar niyya don ceton ran mace. A asibiti kaɗai za a yi shi, ba da ƙwayar kemis ko jiƙe-jiƙen masu magani ba, domin zubar jini ga mai raunin zuciya kan zama ajali.

Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita. Maigidanki ne ya kamata ya tafi da ita wurin likitan ta ji bayani da kunnenta, sannan a wannan zaman ku tattauna hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai ciwon zuciya, tunda ba kowace iri ce ke yi mata ba.