Ga ƙanina mai shirin zuwa Osaka

Ƙanina, saƙonka ya iso. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa a gama lafiya. Ka ce in faɗa maka wuraren kallo a birnin Osaka na Japan, ko aljihun ɗalibi zai ɗauka, da kuma yadda Musulmi ke yi da abinci da salla.

Kowa fadar Osaka zai fara nuna maka. Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a zamaninsa, shi ne ya soma gina ta a 1583, dakarun gidan sarautar Tokugawa suka ci ta da yaƙi a 1615, daga baya suka sake ta. Hasumiyar nan da kake gani a hotuna kuwa ta siminti ce, a 1931 aka ɗaga ta, har lif gare ta, cikinta gidan tarihi ne. Ita ake biya wa kuɗi, harabar kyauta ce, kuma ni a ganina abin kallon yana waje. Ka bi gefen ramin ruwan da ya kewaye fadar, ka ɗaga kai ka dubi ganuwar. Wanda ya tashi kusa da badalar Kano zai gane dabarar nan take, sai dai tasu ta dutse ce. Da ka shiga ƙofar Sakuramon za ka yi kiciɓis da dutse guda ɗaya tilo a jikin katanga, ana ce masa Takoishi, nauyinsa ya haura tan 100. Ka tsaya a gabansa ka tuna babu mota babu kirani a zamanin da aka jawo shi. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furen sakura ke buɗewa, iyalai su shimfiɗa shuɗiyar leda a gindin bishiyoyi su wuni suna ci suna hira.

Unguwar Dotonbori ta dare ce: fitilun talla, cunkoso a kan gada, kowa na ɗaga hannu biyu yana kwaikwayon ɗan tseren da ke jikin allon tallan kamfanin Glico. Zuwa ɗaya ya isa. A nan ne za ka kula da bakinka, don mutanen Osaka ba su haɗa ci da komai ba. Wainarsu okonomiyaki yawanci da naman alade ake yin ta, romon taliyar ramen ma sau da yawa na ƙashinsa ne, ga mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ke shiga miya ba ka sani ba. Ka haddace wannan harafin, 豚, shi ne alade, ka riƙa duba shi a bayan leda kafin ka saya.

Wurin da ’yan yawon buɗe ido ke tsallakewa, ni kuma na fi so, yana garin Suita da ke arewa da Osaka, cikin filin da aka yi baje kolin duniya na 1970. Gidan adana al’adun al’ummomi ne, suna ce masa Minpaku, an buɗe shi a 1977. Zaure bayan zaure, daga tsibiran teku har Afirka, da sashen Ainu, mutanen asali na arewacin Japan waɗanda da wuya ka ji labarinsu a aji. Ka ba shi yini guda, amma kada ka je ranar Laraba, a rufe yake.

Wuraren bautarsu, irin Shitennoji da ake danganta kafuwarsa da shekarar 593, a buɗe suke ga mai kallo, babu mai cewa ka rusuna ko ka jefa kwabo. Hukuncin shiga kuwa ka tambayi malaminka kafin ka taso, ni ba malami ba ne. Akwai masallatai a Osaka, amma ka daure wata Juma’ar ka hau jirgin ƙasa zuwa Kobe, tafiyar ba ta wuce rabin awa. Masallacin can tun 1935 yake tsaye, ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Kewayensa akwai shagunan halal, ka dawo da nama.

Ran 24 da 25 ga Yuli ake bikin Tenjin, kwale-kwale cike da makaɗa a kogin Okawa, a rufe da wasan wuta. Kyauta ne, sai dai zafin Yulin nan mai gumi ne, ka riƙe ruwa.

Abin da ke cin kuɗi shi ne zirga-zirga. Ka yanki katin ICOCA na biyan kuɗin jirgin ƙasa da bas da ka sauka, kuma ka sani jiragen ƙasa na daina aiki wajen sha biyun dare, tasi kuwa sai ta cinye maka cefanen mako. Aikin da aka yarje wa ɗalibi awa 28 ne a mako, shi ma sai da izini, don haka kada ka ɗora lissafin yawo a kansa.

Yaji da garin kuka, idan ka ɗauko, ka nuna wa masu bincike a filin jirgi. Kilishi da dambun nama kam ka bar su a gida ko da Inna ta matsa, dokarsu ta hana shigo da nama, kuma akwai karnuka masu sunsuna jakunkuna. Ka gaishe min da ita da su Baba.