Amsar kawu a kan sunan Viking

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai za ka sa wa shagon askinka suna Viking, kana tambaya ko sarauta ce, tunda akwai "king" a ƙarshe. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Muna aji biyu a sakandare, wani malaminmu Bature ya ba mu labarin harin da Viking, maharan teku daga arewacin Turai, suka kai gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a 793. Rana ta take, alli ya ɓata masa wando, ya ce wa ya san ma'anar sunan? Na miƙe da ƙarfin hali na ce sarkin ƙasar Vi ne. Mutumin nan ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Sannan ya raba kalmar a allo: vik daban, ing daban. Ya ce a tsohon harshen mutanen Norway vik lungun teku ne inda ruwa ya kutsa cikin ƙasa, akwai ma yankin Viken kusa da Oslo. Wasu kuma suna kai ta ga wic na tsohon Turanci, wato zango ko wurin ciniki. Har yau masana ba su daidaita ba. Shekara guda ana kirana Sarkin Vi.

Abin da ya zauna mini shi ne kalmar aiki take nufi. Mutum yakan "tafi viking" kamar yadda namu ke tafiya cin rani, sai dai nasu da jirgi da gatari. Mafi yawan mutanen manoma ne. Turawan Ingila na lokacin ma Danes, wato mutanen Denmark, suka fi kiransu, Larabawan Andalus suka ce Majusu bayan harin da suka kai birnin Ishbiliya (Seville) a 844, matafiyin Bagadaza Ibn Fadlan kuwa da ya gamu da su a kogin Volga a 922 Rus ya rubuta. Sai a ƙarni na 19 Ingilishi ya farfaɗo da Viking ya yafa wa kowa.

Kakanka yakan ce suna linzami ne. Bai yarda a raɗa wa ko akuya suna ba sai ya san tushensa. Ku yanzu kun gani a waya, gobe yana jikin allon shago. Mai riƙe da aska a wuyan mutane kuma ya ɗauki sunan mahara?

In ka shigo Juma'a ka zo da almakashinka, gemuna ya yi yawa.