"Ni dai tura kuɗi kawai nake yi": matsayin wanda aka bi da kuɗin damfara ta asusunsa

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Wata huɗu ke nan da na ga tallan aiki a Telegram, wai wani kamfanin sayar da kayan lantarki yana neman wakilin karɓar kuɗi. Aikina shi ne abokan cinikinsu su turo kuɗi asusuna, in cire kashi 7 cikin 100 kamashona, in sayi kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, da sauran in tura adireshin da aka ba ni. Na yi haka sau 11. A karo na shida wata mata ta rubuta a wajen bayanin turawa cewa "kuɗin asibitinka ne, Allah ya ba ka lafiya". Na tambayi manajan kamfanin, ya ce kuskure ne, sai na ci gaba. Yanzu banki ya toshe asusun da kuɗin ƙarshe a ciki, sun ƙi faɗa mini dalili, 'yan sanda kuma sun gayyace ni mako mai zuwa. Manajan, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, yana matsa mini in goge hirarmu, in ce wa banki bashi aka biya ni. Ni ban saci kuɗin kowa ba. Za a iya ɗaure ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. E, ana iya ɗaure mutum a kan wannan, kuma ba zan sassauta maka maganar ba. Amma tsakanin yau da ranar da za ka je ofishin 'yan sanda akwai sauran gyara a hannunka, akwai kuma ɓarnar da za ka iya ƙara wa kanka in ka bi maganar manajan nan.

Abin da ka shiga yana da suna. Jami'an tsaro a Turai da Amurka suna kiran mai irin aikinka alfadarin kuɗi, wato wanda ake ɗora wa kaya bai san mai su ba. Gungun 'yan damfara ba su da wahalar yaudarar mutane su turo kuɗi, wahalarsu ita ce inda kuɗin za su sauka ba tare da sunansu ya bayyana ba. Asusunka ne ya raba su da wannan wahala. Matar da ta turo "kuɗin asibiti" tana can tana zaton masoyi ko ɗan'uwa take taimako, kuma sunan da ke rubuce a takardar bankinta naka ne.

Ba ka ambaci ƙasar da kake zaune ba, amma a wannan fanni dokokin ƙasashe sun yi kama da juna fiye da yadda mutane ke zato, domin daga tushe ɗaya suka fito. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da gungun masu aikata laifi tsakanin ƙasashe, wadda aka buɗe sa hannu a kanta a birnin Palermo na Italiya, ta fara aiki a Satumban 2003, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun shige ta. A ma'anarta, mutum uku kacal da suka haɗa kai na wani lokaci don aikata babban laifi saboda abin duniya sun zama gungu. Sashe na 6 ya wajabta wa ƙasashe su mai da halatta kuɗin haram laifi, kuma canza kuɗi zuwa wani nau'i ko tura su gaba don a ɓad da asalinsu yana ciki. Sayen kirifto da ka yi shi ne canzawar, turawa kuma ita ce turawar. A Ingila, dokar dukiyar laifi ta 2002 ta kai hukuncin wannan zuwa shekara 14. A Amurka dokar tarayya ta kai shi shekara 20. Waɗannan iyaka ce ta sama, ba kasafai ake yanke wa ƙaramin ɗan aike irinta ba, amma a ƙarƙashin wannan laifin ake gurfanar da shi.

Yanzu ga inda shari'arka za ta tsaya ko ta faɗi: me ka sani, kuma yaushe ka sani?

Kusan kowa da ya zauna gabana da irin wannan matsala da "wallahi ban sani ba" yake farawa, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa game da ranar farko. Sai dai mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar shiga zuciyarka. Ita wannan yarjejeniya ta ce ana iya gane sani da niyya daga abubuwan da suka faru a zahiri. Za a jera wa alƙali cewa kamfanin ba shi da ofis, ba a yi maka wata ganawar ɗaukar aiki ba, masu turo kuɗin mutane ne daban-daban da ba su san ka ba, kuma ana biyan ka kashi 7 don aikin da banki ke yi a kan kuɗi kaɗan. Sai a tambaya: wane ɗan kasuwa na gaskiya ne zai riƙa zubar da ribarsa haka?

Akwai wata shari'a ta 1976 a Amurka, shari'ar Jewell, da ɗaliban lauya ke karantawa har yau. Wani baƙo a garin Tijuana na Meziko ya ba wani mutum mai suna Jewell dala 100 ya tuƙa mota ya tsallaka da ita iyaka. Mutumin ya lura akwai wani ɓoyayyen gurbi a bayan motar, ya ƙi dubawa. A ciki aka sami tabar wiwi wajen kilo 50. Ya ce bai sani ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya rufe idonsa da gangan don kada ya sani, a wajen doka daidai yake da wanda ya sani. Dokar Ingila ma ba ta tsaya kan sani ba, zargi kawai ya isa. Jamus ta wuce nan: wanda sakaci mai muni ya hana shi gane cewa kuɗin na laifi ne yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2.

Ka ga ke nan ba turawa 11 ke gabanka a matsayin abu ɗaya ba. Biyar na farko, lauya zai iya tsayawa ya ce an yaudare ka kamar yadda aka yaudari masu turo kuɗin. Daga na shida labari ya canza. Saƙon matar nan shi ne naka ɓoyayyen gurbin, tambayar da ka yi wa manaja kuma takobi ce mai kaifi biyu: ta nuna kai ba ɗan cikin gida ba ne, tun da ɗan gida ba ya tambaya, ta kuma nuna zuciyarka ta ɗarsa amma ka ci gaba. A ganina lauyan da zai ce maka ka musa komai ba ya ƙaunarka. Hanyar da ta fi ita ce a nuna matsayinka na gaskiya a cikin tafiyar, wato can ƙasa, kuma a nuna shi da wuri.

Kada ka goge ko harafi ɗaya. Manajan ba kai yake karewa ba. Hirar nan ita kaɗai ce shaidar cewa akwai wani a samanka, in ta tafi sai a ga kai ne farko kai ne ƙarshe, garin gyaran gira a rasa ido. Ɓata hujja bayan ka san ana bincike laifi ne mai zaman kansa, haka ma ƙaryar bashin da ya ce ka yi wa banki. Ka ɗauki hoton tallan aikin, da hirar tun daga farko, da lambobin da ya kira ka da su, da adiresoshin kirifton, da bayanin asusunka na waɗannan watanni, ka adana su a wani wuri ban da wayar, domin ana iya karɓe ta. Adiresoshin suna da daraja sosai. Mutane suna zaton kirifto ba ya barin sawu, alhali yawancinsa rajista ce a buɗe da ba ta gogewa. An rufe kasuwar Silk Road ta ɓoyayyen intanet, inda ake cinikin haramtattun kaya da kirifto, a 2013, ta AlphaBay a 2017, ta Hydra a 2022, kuma masu bincike sun ci gaba da bin sawun kuɗin irin waɗannan kasuwanni shekaru bayan rufe su.

Kuɗin da suka maƙale kuwa, ka bar su inda suke. Ko an buɗe asusun gobe, kada ka tura wa manaja, kada ma ka mayar wa wanda ya turo da hannunka, duk da na san zuciya za ta ce hakan ne adalci. Motsa kuɗin da kake zargin na laifi ne shi ne ainihin abin da dokar ta hana. Banki da 'yan sanda suna da tasu hanyar mayarwa. Shirun bankin ma ba wulaƙanci ba ne. Ƙa'idojin hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki (G7) suka kafa a Paris a 1989, sun wajabta wa bankuna kai rahoton mu'amalar da suke zargi, sun kuma hana su sanar da mai asusun cewa sun kai. Ma'aikacin da ya faɗa maka shi ma zai shiga uku.

Ka sami lauyan da ya saba da shari'ar laifuka kafin ranar gayyatar, ku tafi tare. Abu na farko da zai tambaya shi ne ko a matsayin shaida aka kira ka ko wanda ake zargi. Kana da 'yancin kada a tilasta maka ba da shaida a kan kanka, amma shiru ba ko'ina yake kyauta ba: a Ingila, tun wata doka ta 1994, kotu na iya lissafa maka abin da ka ɓoye wa 'yan sanda sannan ka fito da shi a gaban alƙali. Shi ya sa na fi son rubutaccen bayani da kuka tsara tare da lauya, mai kwanan wata da adadi, a kan amsar da za ka riƙa bayarwa cikin ruɗewa. Sashe na 26 na yarjejeniyar Palermo ya nemi ƙasashe su duba sassauta hukunci, har ma da yafe gurfanarwa, ga wanda ya ba da haɗin kai mai amfani. Wannan ba alkawari ba ne, ciniki ne, kuma lauya ne ya kamata ya yi shi kafin ka zazzage abin da ke bakinka, ba bayan ka zazzage ba.

Ka kuma shirya wa asarar da ba ta kurkuku ba. Kamashon da ka ci dukiyar laifi ce a idon doka, ana iya ƙwace shi, don haka fara tara shi tun yanzu, mayarwa da son rai tana da nauyi wajen sassauci. Waɗanda aka damfara suna iya kai ka ƙara su nemi dukan abin da suka turo, ba kasonka kaɗai ba, kuma kotunan Jamus sun sha ɗora wa 'yan aike irin wannan biyan. A Ingila ana iya sa sunan mutum a rajistar masu zamba ta bankuna har shekara 6, buɗe sabon asusu ya zama aiki.

Shi kuma manajan, daga yau kada ka amsa masa, kada kuma ka toshe shi ko ka gaya masa an gayyace ka. Bar saƙonninsa su riƙa shigowa suna taruwa. In ya koma barazana, ko ya ambaci iyalinka ko inda kake zaune, kada ka jira mako mai zuwa: ka ɗauki hoton saƙon, ka kira lauyanka, ku kai rahoto a ranar.